Lantarki a Cinya, Amfani a Zuciya

A watan Nuwamba na 1982 'yan jarida suka yi cincirindo a wani ɗakin bincike na Jami'ar Wright State da ke Dayton, a jihar Ohio ta Amurka. Wata ɗaliba ce ta tara su, mai suna Nan Davis, wadda haɗarin mota ya shanye wa ƙafafu a 1978, a daren da ta kammala sakandare. An manna mata wayoyi a ƙafafu, an haɗa su da kwamfuta, ta kama sanduna biyu, ga kuma maɗauri ya tallafe ta daga sama. Kwamfutar ta shiga aika lantarki ga tsokokin ƙafafun bi da bi, sai ga Nan ta ɗaga ƙafa ta ajiye, ta ɗaga ɗayar. Taku kaɗan ta yi, amma labarin ya karaɗe duniya. A shekarar da ta biyo baya ta taka da taimakon na'urar ta karɓi takardar digirinta, a 1985 kuma gidan talabijin na CBS ya yi fim a kan labarinta.

Jama'a suka ɗauka an gano maganin shanyewar ƙafa. Masana da dama kuwa tun a lokacin sun yi ƙorafin an zuzuta abin fiye da kima, kuma shekarun da suka biyo baya sun gaskata su: har yau tafiya da lantarki aiki ne mai cin ƙarfi, a hankali ake yin ta, kuma ba ta raba kowa da keken guragu ba. Abin da ya fita daga wancan ɗakin ya ɗore wani keke ne na motsa jiki, irin wanda ba ya zuwa ko'ina, wanda masanin da ke jagorantar aikin, Jerrold Petrofsky, da abokan aikinsa suka haɗa don ƙarfafa cinyoyin da suka rame. Ƙafa aka yi wa keken, amma zuciya ma ta samu babban rabo a cikinsa.

Kafin a gane dalilin da ya sa zuciyar mai raunin laka, irin na Nan, ke bukatar agaji, sai an tuna cewa a mafi yawan tarihi mai irin wannan rauni ba ya daɗewa a duniya har ciwon zuciya ya riske shi. Akwai wata takardar likitanci ta tsohuwar Masar, da aka rubuta kimanin shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, ana kiranta da sunan Edwin Smith, Ba'amurken da ya saye ta a Luksor a 1862. Raunuka 48 aka bayyana a cikinta. Ɗaya daga ciki mutum ne da ƙashin wuyansa ya goce, ba ya jin hannuwansa da ƙafafunsa, fitsari na zuba ba da saninsa ba. Marubucin ya sa shi cikin cututtukan da likita ba zai ma fara taɓawa ba. Shekara fiye da dubu uku bayan haka hukuncin bai canza ba. Harvey Cushing, shahararren likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na Amurka, ya ba da rahoton cewa a Yaƙin Duniya na Ɗaya kimanin 80 cikin 100 na sojojin da suka ji rauni a laka sun mutu cikin 'yan makonnin farko. Waɗanda suka tsallake kuwa gyambon kwanciya da ciwon mafitsara da ke haurawa zuwa ƙoda ne suke ƙarasa su.

Mutumin da ya fi kowa karya wannan hukunci shi ne Ludwig Guttmann, likita Bayahude da ya tsere daga Jamus ta Hitila zuwa Ingila a 1939. A watan Fabrairu na 1944 gwamnatin Birtaniya ta damƙa masa sabon sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville. Tsarinsa ba shi da wani sirri, sai dai ba ya sassauci a kansa: a juya majinyaci kowane awa biyu, dare da rana, a zubar da fitsari da roba mai tsafta, a tashe shi zaune da zarar ya iya, a ba shi aiki da wasa. Fenisilin ma ya iso a daidai wannan lokaci. Ranar 29 ga Yuli, 1948, ranar da aka buɗe wasannin Olamfik a Landan, Guttmann ya shirya gasar harbin kibiya ta mutum 16 a kan kekunan guragu a filin asibitin, kuma daga nan ne wasannin nakasassu na duniya suka samo tushe.

Mutane suka fara yin shekara ashirin, talatin, arba'in bayan rauni. Sai wata matsala da ba a taɓa samun damar gani ba ta fito fili. A 1992 Gale Whiteneck da abokan aikinsa suka buga sakamakon bin tarihin mutum 834 da aka yi jinyarsu a Stoke Mandeville da Southport, waɗanda suka ji rauni fiye da shekara 20 kafin nan. Mutuwa ta hanyar ƙoda da mafitsara tana ta raguwa, ta hanyar zuciya da jijiyoyin jini tana ta ƙaruwa. Wani bincike da Jacquelyn Cragg ta jagoranta a Kanada, wanda aka buga a 2013, ya nuna yiwuwar kamuwa da ciwon zuciya ga mai raunin laka ta kusa ninka ta sauran jama'a sau uku, ta shanyewar ɓarin jiki kuma ta kusa sau huɗu.

Dalilin yana cikin yadda aka gina jikin ɗan Adam. Manyan tsokoki suna cinya da mazaunai da sha-raɓa. Su ne suke ƙona mafi yawan sukari da kitsen da ke yawo a jini, kuma duk lokacin da suka motsa suna matse jijiyoyin jini su tura jinin ƙafa ya koma sama zuwa zuciya. Idan laka ta yanke, duk wannan aiki ya tsaya. Cikin makonni shida kacal tsokokin ƙafa sun riga sun rame a fili, babbar jijiyar jinin da ke ratsa cinya ta tsuke, jini ya riƙa kwanciya a ƙafafu. Kitse ya maye gurbin tsoka, kitsen jini mai kare zuciya ya ragu, ciwon suga ya samu ƙofa. Ita zuciya tsoka ce, kuma tana girma ne daidai da aikin da ake ba ta. Da jinin da ke dawo mata ya ragu, sai ita ma ta fara ramewa. A tsakiyar shekarun 1980 likitoci a Miami suka ɗauki hoton zuciyar mutanen da rauni a wuya ya shanye wa hannu da ƙafa, suka tarar babban ɗakin hagu, wanda ke tura jini ga jiki duka, ya gaza na lafiyayyu nauyi da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu.

Mai tambaya zai ce, to ba ga hannu nan ba? A motsa jiki da shi mana. Ana yi, kuma yana da amfani ƙwarai. Sai dai tsokokin hannu ƙanana ne, sukan gaji tun zuciya ba ta ji a jikinta ba, ga kafaɗun da dama suna shan wahalar tura keke da ɗaga jiki daga gado zuwa kujera kullum. Wanda rauninsa ke wuya yana da ƙarin cikas. Jijiyoyin da ke umartar zuciya ta ƙara gudu suna fitowa ne daga laka a saman gadon baya, ƙasa da inda rauninsa yake, saboda haka komai ƙoƙarinsa da wuya bugun zuciyarsa ya wuce 120 ko 130 a minti. Abin da ake bukata shi ne hanyar da za a mayar da ƙafafu bakin aiki ko da mai su ba ya iya ba su umarni.

Cewa lantarki na motsa tsoka tsohon sani ne. Duk masuncin da minjirya ta taɓa girgiza wa hannu a Kogin Kwara ko Tafkin Chadi ya san haka, kuma Misirawan dā sun zana wannan kifi a bangon kaburburansu. A ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, wani likitan Rum, Scribonius Largus, yana ɗora wa masu ciwon kai da ciwon gaɓɓai wani kifin teku mai irin wannan girgiza. A 1791 Luigi Galvani na Bologna a Italiya ya buga bincikensa a kan ƙafafun kwaɗi da ke harbawa idan lantarki ya taɓa jijiyarsu. Bafaranshe Guillaume Duchenne kuma ya nuna, a littafinsa na 1855, cewa za a iya zaɓar tsoka guda a motsa ta ta saman fata ba tare da an tsaga ba.

Abin da ya sa wannan ke aiki ga mai raunin laka shi ne, a galibin lokuta, jijiyar da ta tashi daga laka zuwa tsoka tana nan da ranta a ƙasa da wurin rauni. Saƙon ƙwaƙwalwa ne kawai ba ya isowa gare ta. Kamar gida ne da wayoyinsa da ƙwayayen fitilarsa ke nan lafiya, layin da ke kawo wuta daga taransifoma ne ya tsinke: a jona janareta, fitilu su kama.

A 1960 Adrian Kantrowitz, likitan tiyatar zuciya a Brooklyn, wanda daga baya ya yi dashen zuciya na farko a Amurka, ya sa wani mai shanyayyun ƙafafu ya miƙe tsaye ta hanyar aika lantarki ga cinyoyinsa da mazaunansa. A 1961 Wladimir Liberson ya fito da 'yar na'ura mai makunni a dunduniyar takalmi, wadda ke ɗaga tafin ƙafar mai shanyewar ɓarin jiki yayin da yake tafiya. Shekara guda bayan haka fannin ya samu sunan da likitoci ke taƙaitawa da haruffa uku, FES, wato motsa tsoka da lantarki don ta yi aiki. A birnin Ljubljana na Sulobeniya, injiniyoyi irin su Lojze Vodovnik da Alojz Kralj da Tadej Bajd suka shafe shekarun 1970 da 1980 suna koya wa masu raunin laka tsayuwa da taku. Burin kowa a lokacin tafiya ce. A 1994 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar tafiya mai suna Parastep, amma masu amfani da ita sukan jiƙe da gumi kafin su yi nisa, kuma da yawa sun gane cewa amfaninta na gaske motsa jiki ne.

Keke ya kauce wa kusan duk matsalolin tafiya. Mutum yana zaune, ba fargabar faɗuwa, ba sai an riƙe shi ba. Ƙafafunsa suna ɗaure a kan feda, kuma motsin feda zagaye ne da ke maimaita kansa, saboda haka da sauƙi kwamfuta ta san inda ƙafa take a kowane lokaci. A tsakiyar shekarun 1980 kekunan da suka samo asali daga aikin Dayton suka shiga kasuwa da sunayen REGYS da ERGYS. Ana manna faifan roba masu ɗaukar lantarki a gaban cinya da bayanta da mazaunai. Na'urar tana auna matsayin feda, ta kunna kowace tsoka a daidai lokacin da ya kamata ta tura, ta kashe ta idan ta wuce. Tana ƙoƙarin riƙe juyi 50 a minti. Idan tsoka ta fara gajiya sai ta ƙara ƙarfin lantarkin, in kuma gudun ya faɗi ƙasa da juyi 35 sai ta dakata. Sabon shiga yakan yi 'yan mintoci ne kawai tsokar ta ƙi, ko da ba a sa wa keken nauyi ba. Sai an yi makonni, wani lokaci watanni, kafin a kai minti 30, sau uku a mako. A Wright State ɗin, Roger Glaser da ɗalibansa suka shiga auna numfashi da bugun zuciya da yawan jinin da zuciya ke turawa, suka ga jinin da ya daɗe kwance a ƙafa yana komawa sama, zuciya tana cika tana turo fiye da yadda take yi a motsa hannu kaɗai.

Shaidar da ta fi jan hankali ta fito daga Jami'ar Miami. A 1985 aka kafa cibiyar binciken shanyewar jiki a can, bayan Marc Buoniconti, ɗan wani sanannen ɗan ƙwallon Amurka, ya karye a wuya a filin wasa. A 1991 Mark Nash da abokan aikinsa suka buga sakamakon horar da mutum takwas masu rauni a wuya na tsawon wata shida, da farko ƙarfafa cinya, sannan tuƙa keke da lantarki. Nauyin ɗakin hagu na zuciyarsu ya ƙaru da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Mutum takwas ba su da yawa, kuma dole a faɗi haka. Amma abin da aka gani a jikinsu ba ƙarami ba ne: zuciyar da ta yi shekaru tana ramewa ta sake murmurewa, ta dalilin ƙafafun da masu su ba sa ko jin an taɓa su.

A Copenhagen ta Denmak, Thomas Mohr da Michael Kjaer suka horar da mutum goma shekara guda cur, suka buga sakamakon a 1997. Iskar oksijin da jikinsu ke iya sha yayin aiki ta ƙaru da kimanin kashi 20 cikin 100, tsokar cinya ta cika, ƙashin saman ƙwauri ya ƙara ƙwari. Daga baya suka nuna jikin mahayan ya fi karɓar insulin, wato sukari na shiga tsoka maimakon ya taru a jini. Wani abin da ya ba masana mamaki shi ne bugun zuciya yana ƙaruwa a kan keken duk da ƙwaƙwalwa ba ta ba ƙafa umarni ba, ƙafa kuma ba ta aika mata labari ta laka ba. Jini ne ke kai labarin.

Keken yana da iyakarsa. Lantarki daga waje ba ya da dabarar ƙwaƙwalwa, wadda ke sa zaruruwan tsoka su yi aiki karɓa-karɓa, wasu na aiki wasu na hutawa. Shi zaruruwa iri ɗaya yake ta bugawa a lokaci guda har su gaji, kuma tsokar da ta daɗe a shanye dama ta koma irin mai saurin gajiya. Saboda haka yawancin mahaya sukan tsaya a wajen lita ɗaya ta oksijin a minti, abin da bai kai ya gwada zuciya sosai ba. Mafita ita ce a haɗa biyun, ƙafa da lantarki, hannu da ƙarfin mai shi. A Jami'ar Alberta ta Kanada, Brian Andrews da Garry Wheeler suka gyara injin koyon tuƙin kwale-kwale, suka sa masa kujera mai jingina da makunni a jikin mariƙi. Matuƙin ne da kansa yake danna makunnin da babban yatsa, cinyoyi su tura, shi kuma ya ja da hannu. Ƙwararru a wannan sukan wuce lita biyu a minti. A 2004 masu raunin laka suka shiga gasar tuƙin cikin ɗaki ta Birtaniya da irin wannan inji, a 2006 kuma suka je babbar gasar Boston. Asibitin Spaulding da ke can ya mayar da shi shiri na dindindin ƙarƙashin jagorancin Andrew Taylor.

Wanda ya sa duniya ta san keken kuwa ɗan fim ne, Christopher Reeve, wanda ya fito a matsayin Superman. Doki ya kayar da shi ranar 27 ga Mayu, 1995, ya karye a can saman wuya, har numfashi sai da inji. Ya yi shekaru yana hawa keken lantarki. A 2000 ya motsa yatsan hannunsa na hagu da kansa, a 2002 kuma likitansa John McDonald ya buga rahoto a kan sauƙin da ya samu. Mutum ɗaya ba ya isa hujjar cewa keke na gyara laka, amma rahoton ya nuna raguwar cututtukan da ke kwantar da shi da ƙaruwar ƙwarin ƙashinsa. Reeve ya rasu a watan Oktoba na 2004. Kamfanin da McDonald ya taimaka aka kafa a Baltimore ya fito da keken RT300, wanda mutum ke tuƙawa daga kan kekensa na guragu ba sai an ɗauke shi an ɗora a wata kujera ba, kuma wannan sauƙi kaɗai ya sa mutane da yawa suka iya yin atisayen a gida. A watan Oktoba na 2016, a gasar Cybathlon da jami'ar fasaha ta Zurich ta shirya a Suwizalan, aka yi tseren keke na masu shanyayyun ƙafafu. Mark Muhn na tawagar Cleveland, wanda aka dasa wa na'urar a cikin jiki, ya cinye mita 750 cikin ƙasa da minti uku.

Ba kowa ne keken ke yi wa aiki ba. Idan raunin ya sauka can ƙasan baya ya lalata jijiyoyin da ke zuwa tsoka su kansu, lantarki na yau da kullum ba zai motsa komai ba. Helmut Kern a Biyana ta Ostiriya ya shafe shekaru yana haɗa na'urori na musamman saboda irin waɗannan. Dalilin ke nan da keken ba zai amfani ƙafar da shan-inna ta shanye ba, don ita cutar tushen waɗannan jijiyoyi take kashewa. Akwai kuma haɗari na gaske. Ƙashin da ya yi shekaru bai ɗauki nauyi ba yakan yi rauni har tsoka mai ƙarfi ta iya karya shi. Fatar da ba ta ji za ta iya ƙonewa mai ita bai sani ba. Mai rauni daga tsakiyar ƙirji zuwa sama kuma jininsa na iya hawa farat ɗaya, da matsanancin ciwon kai da gumi, idan wani abu ya tsokani jikinsa a ƙasa da raunin. Shi ya sa ba a fara wannan atisaye sai likita ya duba, mai gashin ƙashi kuma yana tsaye.

Babban shingen dai kuɗi ne. Keken na cin dubban daloli, ga faifan da ake sauyawa, ga bukatar wuta da ƙwararren da zai saita shi, kuma da an daina hawa amfanin yakan zube cikin 'yan watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum fiye da miliyan 15 ne ke rayuwa da raunin laka, kuma kaɗan ne ƙwarai a cikinsu suka taɓa ganin irin wannan keke. A Najeriya, inda haɗarin mota da na babur ne kan gaba wajen jawo raunin, asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano da Igbobi a Legas suna karɓar waɗanda suka karye a baya da wuya, kuma bayan an sallame su, gyambon kwanciya da ciwon mafitsara, waɗanda Guttmann ya yaƙa a 1944, su ne har yanzu suka fi barazana ga rayuwarsu. Iyalin da ke juya ɗan'uwansu kowane awa biyu suna yin aikin da ya wajaba kafin a zo maganar zuciya.

Ga wanda ya tsallake wannan mataki, akwai ma'auni a rubuce. A 2018 wata tawagar masana daga ƙasashe da dama, ƙarƙashin Kathleen Martin Ginis ta Kanada, ta fitar da ƙa'idar motsa jiki ga manya masu raunin laka. Don ƙarfin jiki, aƙalla minti 20 na motsi mai sa haki sau biyu a mako, tare da ɗaga nauyi sau biyu a mako. Don lafiyar zuciya da sukarin jini, aƙalla minti 30 sau uku a mako. Ƙa'idar ba ta ɗaure kowa ga keken lantarki ba: tura keken guragu da sauri, juya feda da hannu, ninƙaya da ƙwallon kwando na kan keke duk suna cikin lissafi.